Waye Mai Titin Maiduguri? Tarihin Neman Kuɗin Hanya Daga Tarayya a Kano

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da suka ce data ba ta barinsu su saurari murya har ƙarshe. Kamar yadda aka faɗa haka aka rubuta, sai ɗan gyara kaɗan.

Yau maganar titi za mu yi. Duk wanda yake zaune a Hotoro, ko Tarauni, ko Gyadi-Gyadi, ko Unguwa Uku, rayuwarsa tana tsakanin manyan tituna guda uku: titin Zariya, titin Maiduguri, da baifas ɗin gabas da ya taso daga wajen Na'ibawa ya ratsa Hotoro ya nufi titin Haɗejia. Yaro zai tsallaka ɗaya kafin ya je makaranta. Mai jinya zai tsallaka wani kafin ya shiga asibitin Malam Aminu Kano. To idan aka kaɗe mutum, ko aka ce babu wurin tsallakawa, sai ka ji amsa guda ɗaya daga bakin kansila har zuwa kwamishina: "ai titin na tarayya ne." Wannan jimlar ita muke so mu bi tarihinta. Yaushe titin ya zama na tarayya? Wa yake roƙo a madadin birnin Kano idan ana son kuɗi daga Abuja? Kuma me ya sa idan kuɗin ya zo, mai tafiya a ƙafa ba ya ganin rabonsa?

Mu fara da titin Maiduguri, don shi ne mafi tsufa a ma'ana. Tun kafin a san kwalta, akwai hanyar gabas da ta haɗa Kano da Borno. Fatake da jakuna da takarkarai suna binta da kanwa da gishiri da tufafi. Bature Kilafatan da ya shigo Kano a watan Janairun 1824, daga Kukawa ya taso, ta ƙasar Katagum ya biyo. Alhazan da ma, waɗanda suke tafiya Makka a ƙasa su yi shekaru, gabas ɗin nan suke nufa, su ratsa Borno da Chadi da Sudan. Kun ga kenan asalin hanyar ta masu ƙafa ce. Mota baƙuwa ce a kanta, ko da yake yanzu baƙon ya kori mai gida.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Abin da ya dame su shi ne yadda za a kwashi kaya a kai bakin teku, shi ya sa suka sa ƙarfinsu a layin dogo, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta biyo baya. A idonsu, titi ɗan aiken jirgi ne: ya ɗauko buhu daga ƙauye ya kawo tasha. Sai a shekarun 1920 gwamnatin Ikko ta kasa tituna aji-aji. Manyan da suke haɗa manyan garuruwa da iyakokin ƙasa, aka ce ajin farko ne, gwamnatin tsakiya ce mai su. Na biye da su daga baya suka koma hannun gwamnatocin yankuna, wato mu nan Kaduna. Sauran kuwa na En'e ne. Wannan rabon da aka yi shekara ɗari da suka wuce, har yau a cikinsa muke, sunaye kawai aka canja.

Amma akwai wani abu a wancan zamanin da ya kamata matasa su sani, don ba a cika faɗarsa ba. A lokacin Kano tana da aljihunta. En'e ta Kano tana da baitulmali, tana da ma'aikatar ayyuka tata, kuma tana cikin mafi arziki a ƙasar nan gaba ɗaya. Aikin ruwan famfo da wutar lantarki da aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin Kano aka yi shi. Ba wai ina yabon zamanin ba ne fa, kar a fahimce ni a baibai. Kuɗin nan harajin talaka ne da jangalin Bafulatani, kuma titunan karkara da yawa da aikin tilas aka share su, dagaci ya tara mutane a ba su diga da kwando. Abin lura dai shi ne akwai hukuma guda ɗaya da za ka nuna ka ce ita ce mai birnin, ita take tara kuɗin, ita take yanke shawarar inda za a zuba shi.

A farkon shekarun 1960 an ɗauko wani masanin tsara birane, Trevallion, ya rubuta tsarin shekara 20 na birnin Kano da kewaye, daga 1963 zuwa 1983. A lokacin, yawancin inda muke zaune yanzu gonaki ne da ƙauyuka. Tarauni ƙauye, Hotoro ƙauye. Dattawan unguwa za su gaya maka inda suka yi noman gero, yanzu plaza ce a wurin. Titin da ya bi ta nan, titin bayan gari ne, an yi shi don mota ta saki gudu ta nufi Wudil.

Sai shekaru goma da suka juya komai. A 1967 aka ƙirƙiri jihar Kano, Audu Bako ya zo. A 1971 gwamnatin soja ta Gowon ta kafa dokar manyan hanyoyin tarayya, wadda ta damƙa ikon duk titin da aka ayyana na tarayya a hannun ma'aikatar ayyuka ta ƙasa. Kuɗin fetur ya shigo, a 1974 tarayya ta karɓe tituna kimanin kilomita 16,000 daga hannun jihohi, kuma jihohin murna suka yi, don nauyi aka sauke musu. Sannan a 1976 aka yi garambawul na ƙananan hukumomi, En'e ta tafi, baitulmali ya tafi. Daga nan aka yi ta yanka birnin gunduwa-gunduwa, har aka fitar da Tarauni a 1996. Yau abin da muke kira birnin Kano ƙananan hukumomi 8 ne: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Hotoro kanta an raba ta, mazaɓu biyu suna Nassarawa, ɗaya tana Tarauni. A ƙidayar 2006 Tarauni tana da mutum sama da dubu 220, Nassarawa kusan dubu 600, kuma kowa ya san yau an ƙaru.

To a nan gizo yake saƙar. Birni mai miliyoyin mutane, amma babu magajin gari guda ɗaya da aka zaɓa, babu majalisar birni guda ɗaya, babu asusun birni. Idan aka ce "Kano tana neman kuɗi daga tarayya", waye Kano ɗin? Ciyaman na Tarauni ba shi da hurumin titin da ya ratsa ƙaramar hukumarsa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin titunan unguwa da fitilu da magudanan ruwa, amma manyan titunan tarayya yana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai take da iko a kai. Har ma filin gefen titi: a ƙa'idar ma'aikatar ayyuka, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare hurumin titin ne. Wato ƙasar da za a shimfiɗa wa mai ƙafa hanya, a takarda ta Abuja ce. A zahiri kuma shaguna ne da rumfuna da gareji a kai.

Ga kuma rabon arziki. A tsarin da ake amfani da shi, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Titunan tarayya kimanin kilomita 35,000 ne cikin kusan 200,000 da ƙasar take da su, sai dai su ne suke ɗauke da mafi yawan manyan motoci. Duk tirelar da ta taso daga Legas za ta Maiduguri ko Njamena, duk tankar da take zuwa defon NNPC na Hotoro, duk motar shanu daga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ta ƙofar gidajenmu take wucewa. An yi baifas don manyan motoci su kauce wa gari, sai garin ya bi baifas ɗin ya haɗiye shi.

Yanzu bari mu duba ƙofofin da kuɗin tarayya ya bi ya shigo titunan nan, don a nan za ku gane halin abin.

Ƙofa ta farko ita ce babbar kwangila daga ma'aikatar ayyuka. A 2006, zamanin Obasanjo, aka ba da kwangilar mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye, sama da kilomita 550, aka kasa shi kashi 5. Kashin farko, daga Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin, kamfanin Dantata & Sawoe aka ba. Yaron da aka haifa a shekarar, yanzu ya isa kaɗa ƙuri'a. Me ya ja aikin haka? Tsarin biya. Ana ba da kwangilar biliyoyi masu yawa, sai kasafin kowace shekara ya ware ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a saki rabinsa ko ƙasa da haka, ɗan kwangila ya yi na kuɗinsa ya kwashe kayan aiki, kafin a dawo farashin siminti da kwalta ya tashi, a sake lissafi. Gwamnatin Jonathan ta zuba masa kuɗin SURE-P, wato rarar tallafin mai bayan rikicin Janairun 2012. Gwamnatin Buhari ta kawo sukuk: a 2017 aka tara naira biliyan 100, aka raba daidai tsakanin shiyyoyi 6, kowace ta samu biliyan 16.67. A rabon Arewa maso Yamma, uku daga cikin ayyukan na Kano ne: kashin farko na titin Maiduguri, titin Kano zuwa Katsina, da baifas ɗin yamma. Waɗanda suke bin hanya sun ga allunan sukuk a gefen titi. Kashin Shuwarin zuwa Azare da na Azare zuwa Potiskum sun riga namu kammaluwa, mu da aka fara lissafi daga kanmu.

Titin Zariya ma labarinsa ɗan uwan wannan ne. A ƙarshen 2017 aka amince a ba Julius Berger gyaran Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 375, a kan kimanin naira biliyan 155. A 2021 aka canja aikin daga gyara zuwa sabon gini, kuɗin ya koma kusan biliyan 797. A gaskiya ɓangaren Zariya zuwa Kano ya yi kyau, duk mai tuƙi zai shaida. Amma ku lura da ma'aunin da ake auna nasarar irin wannan aiki: awa nawa mota za ta yi daga Kaduna zuwa Kano. Ba wanda yake auna minti nawa tsohuwa za ta tsaya a bakin titi tana jiran a ba ta hanya. Kuma titi idan ya yi santsi ya yi faɗi, gudu ne yake ƙaruwa.

Ƙofa ta biyu ita ce ɗan majalisa. Nan ne misalin da ya fi kowanne daɗin bayani yake, kuma a unguwarmu yake: gadar Kundila da ke kan titin Zariya. Aikin tarayya ne, Sanata Bashir Garba Lado, wanda ya wakilci Kano ta Tsakiya daga 2011 zuwa 2015, shi ya yi ta bibiya har aka sa shi a kasafi. Shugaba Jonathan ya zo ya buɗe ta a farkon 2015, ana dab da zaɓe, aka raɗa mata sunan marigayi Sarki Ado Bayero. To ku tare ɗan adaidaita ku ce ya kai ku gadar Ado Bayero, ku ga yadda zai kalle ku. Gadar Lado kowa ya sani. Ni ban ga laifin mutane ba, ban kuma ga laifin sanatan ba, gadar ta rage cunkoso. Amma sunan nan da jama'a suka ba ta ya fallasa yadda tsarin yake: kuɗin tarayya yana zuwa ne ta hannun mutum ɗaya mai faɗa a ji, mutumin kuma yana buƙatar abin da za a gani daga nesa, a yanke masa ƙyalle, a kira shi da sunansa. Wa zai kira dandamalin gefen titi da sunan sanata? Wa zai gayyato shugaban ƙasa ya buɗe zanen tsallaka titi? Shi ya sa ba a roƙonsu.

Ƙofa ta uku, jiha ta yi aikin da kuɗinta a kan titin tarayya, sannan ta bi bashi. Gwamnoni da yawa sun yi haka shekara da shekaru. A watan Yunin 2020 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a mayar wa jihohi 5 kimanin naira biliyan 148, Ribas kaɗai ta kwashi sama da biliyan 78, sauran su ne Bayelsa da Kuros Riba da Ondo da Osun. A lokacin kuma gwamnati ta ja kunne cewa nan gaba jihar da ta taɓa titin tarayya ba da izini ba, kar ta zo neman biya. Kwankwaso a zangonsa na biyu ya buɗe babin gadojin sama da na ƙasa a cikin gari, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Gadon Ƙaya da Kabuga. Ganduje ya ɗora: gadar Dangi mai hawa uku, wadda Buhari ya buɗe a watan Yulin 2021, sai tamu ta shataletalen NNPC a Hotoro, wadda majalisar zartarwar jiha ta amince mata da kusan naira biliyan 9, aka sa mata sunan Muhammadu Buhari, shi ya buɗe ta a ƙarshen Janairun 2023. Gwamna Abba, wanda shi ne kwamishinan ayyuka a zamanin Kwankwaso, ya kama na Ɗan Agundi da Tal'udu. Jam'iyyu sun bambanta, huluna sun bambanta, amma a maganar titi duk makaranta ɗaya suka yi.

Ku tsaya ku yi tunanin gadar Hotoro. Mahaɗar manyan hanyoyi ce da motocin ƙasa gaba ɗaya suke bi, amma talakan Kano ne ya biya. Kafin a yi ta, shataletalen yana tsayar da motoci dole, cunkoson da direba yake tsinewa shi ne yake ba mai ƙafa damar kutsawa ya wuce. Yanzu mota ba ta da dalilin taka birki. Direba ya samu sauƙi, wannan gaskiya ne, ni ma ina jin daɗinta idan ina cikin mota. Wanda yake ƙasa da buhu a ka, shi lissafinsa daban.

Akwai ƙofa ta huɗu da aka buɗe a 2019, inda kamfani zai gina titi a cire masa daga harajinsa. Ta nan BUA ya ɗauki titin Kano zuwa Kazaure zuwa Kongolam. Ita ma dai babbar hanya ce ta kaya.

Wani zai ce to ai an yi gadojin ƙafa a wasu wurare, an sa shingen ƙarfe a tsakiyar titi, mutane ne ba sa hawa. Haka ne, kuma za mu faɗi namu laifin. Inda aka shimfiɗa intalok a gefen titi, mai shago ya fito da kayansa ya cinye, mai mota ya faka a kai, mai shayi ya kafa tebur. Matasa majiya ƙarfi suna tsallake shinge alhali gada tana kallonsu. Amma a yi adalci. Gadar ƙafa mai matakala talatin ko arba'in, ba a yi ta don mai ciki ba, ko mai keken guragu, ko ɗan garuwa mai tura kura da jarka goma sha biyu, ko dattijon da gwiwa ta ƙi. Idan ka sa shinge mai tsawo ba ƙofa, ka ce mutum ya yi zagayen rabin kilomita a ranar Afrilu, to wallahi zai nemi inda ƙarfen ya karye. Kuma ku tuna, tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin nan, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita ya tashi, mutane da yawa sun koma sayyada. Masu tafiya a ƙafa ƙaruwa suke yi. Garin da a da kamfanin Raleigh yake haɗa kekuna a cikinsa, malamai da ma'aikata kowa da kekensa, yau uba ba zai yarda ɗansa ya hau keke a titin Maiduguri ba, kuma yana da gaskiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, sama da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali mu ne muka fi ƙarancin motoci. A taron Stockholm na 2020 ƙasashe sun amince cewa inda mutane da motoci suke cakuɗuwa, gudu kar ya wuce kilomita 30 a awa. Ku je gaban asibitin Malam da hantsi ku kimanta da idonku.

Bari mu leƙa waje kaɗan, don a ga cewa akwai wata hanyar roƙo. A Amurka, tun dokar sufuri ta 1991 aka keɓe wani kaso na kuɗin titunan tarayya don hanyoyin ƙafa da na keke. A 2009 aka buɗe wani asusu da birni ko gunduma za su rubuta takarda kai tsaye su yi gasa, a duba amfanin aikin a ba wanda ya fi. A 2021 aka ƙara wani na dala biliyan 5 a shekara 5, don rage mace-mace a tituna kawai. Ƙaramin gari mai mutum dubu 20, wanda bai kai mazaɓar Gyadi-Gyadi ba, majalisarsa za ta zauna a bainar jama'a ta ce mun amince a nemi kuɗi kaza don hanyar ƙafa daga makaranta zuwa kasuwa, mu za mu sa kaso kaza. Su ma suna da siyasarsu da son kansu, kuma su ne suka koya wa duniya rusa unguwanni don a yi wa mota hanya. Amma ƙofar tana nan, an san inda ake ƙwanƙwasawa. Idan kun ce Amurka ta yi nisa, Nairobi a 2015 ta amince da manufar ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin tituna ga masu ƙafa da keke, Adis Ababa ta fitar da nata tsarin a 2019. Ko sun cika alkawari ko ba su cika ba, mutanensu suna da takardar da za su ɗaga su yi rigima da ita.

Mu a nan babu irin wannan asusun. Abin da muke da shi, kuɗin ayyukan mazaɓu ne, naira biliyan 100 da aka saba warewa duk shekara tsakanin sanatoci da 'yan majalisar wakilai. Ku bincika abin da ake saya da shi: babura, kekunan ɗinki, injin markaɗe, fitilun sola. Ba na raina injin markaɗe, yana ciyar da gida. Amma ba a taɓa zama da mutanen Hotoro an ce ga kuɗin, me kuka fi buƙata ba. Idan da an tambayi iyaye mata da suke riƙo hannun yara su tsallakar da su kowace safiya, na san amsar da za su bayar.

To me ya rage a hannunmu? Abubuwa ne ƙanana amma na gaske. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya takarda, kuma doka ta ce a amsa cikin kwana 7. Ma'aikatar ayyuka ta tarayya tana da kwanturola a Kano, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 don gyaran titunan tarayya ita ma tana da ofis. Tambayar da za a yi musu mai sauƙi ce: a cikin takardar aikin kashin farko na titin Maiduguri, daga Hotoro zuwa Mariri, an rubuta hanyar ƙafa? An rubuta wuraren tsallakawa, guda nawa, a ina? Domin abin da ba a rubuta a takardar kwangila ba, ɗan kwangila ba zai yi shi don Allah ba, kuma lokacin sa shi shi ne kafin a rufe aikin. Bayan an yanke ƙyalle, sai dai a jira wata shekara 20.

Sannan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, mun sani. Amma idan ya tabbata, ciyaman na Tarauni da na Nassarawa da na Kumbotso ba su da sauran uzurin cewa hannunsu a ɗaure yake. Babu dokar da ta hana su ukun su haɗa takarda ɗaya, da taswira, da jerin mahaɗun da aka fi kaɗe mutane, su kai wa kwanturola da 'yan majalisarmu kafin a rufe kasafin baɗi, su ce mu za mu ɗauki fitila da magudana, ku ku ba da izini ku sa danja da tudun rage gudu. Hukumar kiyaye haɗura da KAROTA suna da rahoton inda haɗari yake faruwa, a nema a wurinsu.

Ga aikin da muke roƙon masu bibiyarmu su taya mu a wannan makon. Duk wanda yake zaune kusa da titin Zariya, ko titin Maiduguri, ko baifas, ya rubuto mana a ƙasa sunan wurin da mutanen layinsu suke tsallakawa, da lokacin da ya fi haɗari, da ko akwai makaranta ko masallaci ko asibiti a kusa. Kar a sa hoton wanda aka kaɗe, kar a ambaci sunan kowa, wurin kawai muke so. Za mu tattara mu ɗora a taswira, ita za mu liƙa a jikin takardar da za mu kai ofishin kwanturola.

A shiri na gaba in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar magudanan ruwa da kududdufan da aka cike aka yi gini a kai, kafin damina ta kankama. Mu kwana nan. Wassalamu alaikum.